Inji Uku a Kicin ɗin Maikofi

Shafi na 17

"Baba, tofar! Don Allah tofar da shi!"

Kafin Auta ta rufe baki ya riga ya haɗiye. Har da lasar leɓe. Ya ɗaga ɗan ƙaramin kofin yana leƙen gindinsa, sannan ya ƙwanƙwasa shi sau biyu a kan tebur, yadda ya saba yi a otal idan kofin farko na safiya ya yi masa.

"Wannan," in ji shi. "Wannan shi ne inji."

Auta kuwa tana sunkuye a wurin wanke-wanke tana kakari, hawaye shaɓe-shaɓe. Kurɓa ɗaya ta yi daga nata kofin, wanda ya fito daga inji guda, a minti guda.

Umma ta tsaya da tire a hannu, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, don daga kan keken ɗinki ta taso. Ta dubi 'yarta, ta dubi mijinta. Shekara talatin da ɗaya yana shugabantar sashen kofi a babban otal, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Maikofi yake ce masa. Shi ya dage ba zai sayi injin haɗa kofin esfireso na gida ba sai an kawo masa ya ɗanɗana a kicin ɗinsa, da ruwan famfonsa. Shi ya sa mai shago ya loda inji uku a bayan mota ya kawo da hantsi, ga su nan jere sun cinye teburin: ja mai maɓalli ɗaya, na ƙarfe mai allura kamar agogo, da na tagulla mai doguwar sanda da ake ja da hannu.

Mai shago ya fizge murfin tukunyar mai sanda, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi.

"Innalillahi! Maganin wanke tukunya ne! Ni na zuba shi jiya da hannuna, wallahi na manta ban ɗauraye ba. Yallaɓai, na kashe ka!"

"Ina takardar maganin?" Auta ta miƙe tana share baki. Nas ce, muryar asibiti ta dawo mata nan take.

Mai shago ya lalubo wata 'yar leda a aljihu, ya miƙa mata. Ta karanta, ta juya baya ta sake karantawa.

"Tsami ne mai ƙarfi, amma an surka shi da ruwa da yawa. Baba, kurkure baki. Kada ka yi ƙoƙarin amai. Sha ruwa, kofi biyu. Maƙogwaronka na zafi?"

"Ba abin da nake ji."

"Ciki fa?"

"Na ce miki ba abin da nake ji."

Maikofi ya kurkure, ya sha ruwan. Kicin ya yi tsit, sai ƙarar injin ƙarfen da ke ɗumama kansa.

Mai shago ya share gumi da hula. Tsoron ya fara sakinsa, wani abu dabam ya fara shigarsa. Umma ta ga lokacin da abin ya shige shi, a idonsa ta gani.

"Amma Yallaɓai... ai ka ce wannan ɗin ne ya fi..."

"Malam," Umma ta dire tiren. "Je ka falo ka zauna. Akwai ruwan sanyi a kan tebur."

"Hajiya, ai gara in ɗauraye tukunyar tun..."

"Falo na ce."

Ya fita yana waiwaye. Ta tura ƙofar kicin da ƙafa, ta jingina bayanta a jiki.

"Tun yaushe?"

Maikofi bai juyo ba. Ya ɗauki tsumma yana goge jikin tagullar, wurin da babu ko ɗigo.

"Tun yaushe me?"

"Kada ka maida ni yarinya, Baban Auta. Shekara talatin da uku ina kallon bakinka kana cin abinci. Gishiri ya ɗan wuce a miya, sai ka ajiye cokali ka buɗe mini makaranta. Yau ka shanye abin da ya durƙusar da 'yarka, har kana buga kofi sau biyu."

"Hankalina ne ba ya wurin."

"Hankali ne yake jin tsami?"

"Tela, akwai baƙo a gidan nan." Sunan da yake kiranta da shi ke nan, saboda ɗinkinta.

"Na san da shi. Ni na kore shi."

Ta jawo durowa, ta ɗauko cokali biyu. Ta juya masa baya, ta tsoma ɗaya a gwangwanin sukari, ɗaya a na gishiri, ta juyo.

"Rufe ido."

"Ni za ki yi wa wasan yara?"

"Rufe ido ka gaya mini wanne ne wanne, in ba ka haƙuri a gaban 'yarka, in je in ba mai shago haƙuri."

Ya dubi cokulan. Ya daɗe yana dubansu. Tsumman ya suɓuce daga hannunsa, bai sunkuya ya ɗauka ba. Ya jawo kujera ya zauna, zaman da ba ta taɓa ganin ya yi ba, kamar wanda aka zare wa ƙashin baya.

"Wata tara," ya ce.

Auta ta dafe baki.

"Tun zazzaɓin nan da ya kwantar da ni mako biyu. Na tashi, na ce mura ce ta toshe hanci, za ta sake ni. Mura ta tafi. Hanci bai dawo ba. Harshe ma ya bi shi. Yanzu da ruwa da kofi da miyarki, zafi da sanyi ne kawai bambancinsu."

Umma ta ajiye cokulan a hankali. Wata tara. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa ciwon. Ranar da gas ya yi yoyo ta shigo a guje ta same shi zaune a nan yana karanta jarida. Turaren da ta canza, wanda ta san ba ya so, don kawai ya yi magana, bai yi ba, ta kwana uku tana fushi ita kaɗai. Da kuma abin da ya fi ba ta kunya yanzu: ta kira yayarta a waya tana dariya, tana cewa bayan shekara talatin ta iya girki, maigida ya daina ƙorafi.

"Kullum sai ka ce ya yi daɗi," ta ce. Muryarta ta fito 'yar ƙarama.

"To me zan ce?"

"Gaskiya."

"In ce miki abincin da kika tsaya a kansa awa biyu kamar ina tauna auduga?"

"Baba, likita fa?" Auta ta durƙusa a gabansa. "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni fa a asibiti nake kwana nake tashi."

"Na je. Sau biyu. Asibitin da ba naku ba, don kada a kai miki labari."

"Me ya ce?"

"Ya leƙa hanci, ya sa aka ɗauki hoton kai. Ya ce komai lafiya. Ya ba ni 'yan kwalabe huɗu, kanumfari da lemo da wasu biyu, wai in riƙa shaƙa safe da yamma. Suna cikin mota. Ya ce zai iya dawowa gobe, zai iya dawowa baɗi. Zai iya ƙin dawowa. Ke nas ce. Akwai allurar da ya manta?"

 Auta ta sunkuyar da kai. Umma ta jira ta ji 'yarta ta kawo sunan wani magani mai tsawo irin waɗanda take faɗa a waya. Ba ta kawo ba.

"Aiki fa?" Umma ta tambaya. "Wata tara kana zuwa otal. Wa yake ɗanɗana kofin farko?"

"Ni."

"Da wane bakin?"

Ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Na fito da sabuwar doka. Na ce daga yau kowa sai ya fara ɗanɗanawa kafin ni, don su koya. Suna ta yabona, wai Maikofi ya fara sakin ilimi. Ni kuwa fuskokinsu nake kallo. In mai dogon wuyan nan ya ɗage gira, akwai tsami, sai in ce a ƙara laushin niƙa. In matar nan ta ɓangaren madara ta haɗiye da sauri, ya ƙone. Sai in kurɓa, in ɗan lumshe ido, in buga kofi sau biyu."

"La ilaha illallahu."

"Abin yana yi, Tela. Wata bakwai yana yi. Sai suka fara kwaikwayona. Yanzu su ma ba sa motsa fuska, sai su kurɓa su zuba mini ido su ga me zan ce. Ina kallonsu, suna kallona. Makon jiya baƙo ɗaya ya dawo da kofi sau uku."

"Shi ya sa ka tashi da maganar inji."

"Shi ya sa."

Ta tuna daren... a'a, da rana tsaka ne, ranar hutunsa, ya same ta tana yanka yadi ya ce yana son injin kofi a gida. Mutumin da shekara talatin yake cewa ba ya kawo aiki gida, shayi ma ya ishe shi. Ta ɗauka sha'awar tsufa ce. Ta ɗauko kuɗin da ta ware don sabon keken ɗinki mai lantarki ta ba shi, tana tsokanarsa wai ya tsufa ya fara son kayan wasa.

"A otal ba zan iya gwaji ba," ya ce. "Ido goma sha biyu a kaina. Ina son wurin da zan rufe ƙofa in koyi aikina daga farko, kamar sabon ɗauka. Da sikeli, da agogo, da ido. In san nauyin gari, in san daƙiƙa, in san launin kumfa, har in kai inda ba na buƙatar harshe."

"Ana kaiwa?"

Ya sunkuya ya ɗauki tsumman da ya faɗi.

"To wanne ne zai yi maka wannan aikin?" Ta nuna teburin. "Sau ɗaya za mu iya sayen irin wannan abu, ka sani. Ba takalmi ba ne da za a ce ya matse a sake wani."

Ya miƙe da ƙyar. Da ya tsaya gaban injinan, sai muryarsa ta ɗan dawo, muryar da yake koyar da mutane da ita.

"Jan nan, na wanda ba ya son sanin komai ne. Ka danna, ka sha. Shi zai niƙa, shi zai danne, shi zai yanke hukunci. Cikinsa duk roba. Shekara biyu, uku, wani ɗan haƙori ya karye a ciki, a ce babu irinsa. Kuma ko ya shekara ɗari ba zai koya mini komai ba, don ba ya nuna abin da yake yi."

"Ni dai ya fi mini kyau," in ji Auta cikin 'yar murya.

"Na sani. Ke da kike zuba sukari cokali uku."

Ya dafa na ƙarfen.

"Wannan ba ya ɓoye komai. Allurar nan tana nuna ƙarfin da ruwa ke bi ta cikin gari. Lambar nan zafin ruwa ce. Nan kuma yana ƙirga daƙiƙa da kansa. Tukunyarsa ƙarfe ce, kowane ƙusa a jikinsa ana kwancewa a sake. Don shi na sa aka kawo su. Sauran biyun don kada mai shago ya gane ne."

"To me ya kai ka ga na tagulla?"

Ya kai hannu kan sandar. Bai ja ba, ya dai riƙe, yatsunsa suka zauna a kai kamar an auna musu.

"A kan irinsa na koya. Ina ɗan shekara ashirin da biyu. Babu allura, babu lamba. Ka ja, ka ji nauyin ruwa a kafaɗarka, ka saki a hankali, ka kurɓa, harshe ya gaya maka gobe me za ka gyara. Wannan jikokinki ma za su same shi yana aiki." Ya cire hannun. "Da na ja sandar nan ɗazu, na manta. Wallahi na minti ɗaya na manta. Hannuna ne ya zaɓa, na ɗora wa harshe."

Daga falo suka ji mai shago ya yi tari, irin tarin tunatarwa.

Umma ta cire tef ɗin daga wuya, ta naɗe shi a hannu, ta warware, ta sake naɗewa. Ita ba ta shan kofi. Duk gidan an sani, duk dangi an sani, abin dariya ne a wurin taro: matar Maikofi ko ƙamshinsa ba ta so. Sau ɗaya ta kurɓa, suna sabon aure, ta ce masa wannan ai hukunci ne.

"Haɗa," ta ce.

"Me?"

"Haɗa a mai allurar. Ni zan sha. Kai ka duba lambobinka, ni in gaya maka abin da bakina ya ji."

"Tela..."

"Kana da wani bakin a gidan nan? Wannan da sukari uku take sha, kuma ƙarfe biyu za ta tafi aiki. Haɗa."

Ya dube ta kamar zai yi gardama, sai ya juya. Ya auna ƙwayar kofin a kan ɗan sikeli, ya zuba a injin niƙa. Ya tara garin a hannun injin, ya daidaita da yatsa, ya danne da ƙarfin da ya saba, ya murɗa shi a mazauninsa. Allura ta tashi a hankali ta tsaya. Kofin ya fara zuba siriri, baƙi, sannan ruwan zuma.

"Daƙiƙa ashirin da bakwai," ya ce. "Allura a tara. Dubi kumfar. A takarda babu abin da ya fi wannan."

Ta ɗauka. Ta yi bisimilla kamar mai shan magani, ta kurɓa. Duk fuskarta ta tattare wuri guda.

"Yaya?"

"Ɗaci."

"Ɗaci irin me?"

"Ɗaci dai."

"A'a. Akwai ɗacin ƙuna, kamar ƙanzon tukunya. Akwai ɗacin ɓawon lemo. Akwai wanda yake zuwa ya wuce ya bar zaƙi a baya. Wanne?"

Ta sake kurɓa. Ta riƙe shi a baki har idonta ya kawo ruwa.

"Baban Auta, wallahi ɗaci ne."

"A ina kika ji shi? Gaban harshe, gefe, ko can baya?"

"Ko'ina! Har kunnena!"

Auta ta yi dariya, dariyar ta juye mata kuka a tsakiya, ta juya ta fuskanci bango.

Ya murɗa injin niƙa ɗan kaɗan. Ya sake haɗawa. Ashirin da biyu.

"Wannan fa?"

"Kamar na tsotsi ƙusa."

Idonsa ya ɗan yi haske. "Ƙusa! To, tsami ke nan, ruwa ya wuce da sauri. Kin gani? Kin fara. Bari in mayar."

Na uku. Talatin da ɗaya.

"Wannan?"

Ta kurɓa. Bakinta ya riga ya mutu, na farko da na biyu sun zauna a kai sun ƙi tashi. Ƙirjinta na bugawa kamar ta hau bene da gudu. Ta nemi ƙusar, ba ta same ta ba. Ta nemi ƙanzon, ba ta san ko shi ne ba. Ta ɗaga ido ta ga yadda ya zuba mata nasa, baki a ɗan buɗe, kamar mai jiran sakamako a ƙofar ɗakin likita.

"Wannan ya yi daɗi," ta ce.

Ya daɗe yana kallonta.

"Wata tara ina cin abinci da karatun fuska, Tela. Ƙarya kike."

Ta ajiye kofin. Hawayen da take dannewa tun ɗazu suka ƙwace.

"To ya kake so in yi? Ban sani ba! Ni yadi na sani. Ka rufe mini ido ka ba ni yadi goma, in gaya maka kowanne da yatsa. Wannan abin duk ɗaya ne a bakina. Kai shekara talatin ka yi kana koya. Ni zuwa Litinin kake so in iya?"

"Ban ce ki iya ba."

"To ka gaya musu gaskiya mana! Ka je ka ce ga abin da ya same ni. Cuta ce, ba sata ka yi ba."

"In ce musu me? Shugaban kofi ba ya jin kofi? Za su yi mini jaje, su ba ni agogon bango, su raka ni bakin ƙofa. Saura shekara huɗu in ajiye aiki da mutuncina. Kuma ba wannan ba ne ma. Duk wanda na kora a kan kofi marar kyau, duk wanda na sa ya zubar ya sake sau goma yana kuka, za su ji cewa wata tara ina buga kofi a kan abin da ban sani ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar kicin.

"Yallaɓai, a gafarce ni," muryar mai shago. "Akwai mai jiran ganin sauran kafin azahar. Ko an tsayar da magana?"

Umma ta share fuska da gefen mayafi. Auta ta ɗauraye kofunan da sauri. Maikofi ya gyara wuyan riga, ya buɗe ƙofa.

"Mai allurar za ka bari."

Mai shago ya dubi na tagullar, ya dubi Maikofi.

"Mai allura? Ai ni na rantse mai sanda za ka ɗauka. Tun a shago na ce wannan na gwanaye ne, sai irin su Yallaɓai. Mai allura ai masu koyo suka fi..." Ya ga idon Umma, ya haɗiye sauran. "Inji ne mai kyau. Wallahi mai kyau ne. Shekara goma sha biyar ba zai yi tari ba."

Ya zubar da ruwan tukunyar, ya naɗe wayar, ya saka na tagullar a kwali. Maikofi ya juya baya yana gyara sikelin da ba ya buƙatar gyara. Bai waiwayo ba har aka rufe kwalin, aka manne da salatif.

Umma ta raka mai shago zuwa ƙofar gida, yana rungume da kwalin. A tsakiyar falo ya rage murya.

"Hajiya, abin da ya faru ɗazu... ni ban ga komai ba."

"Me ya faru?"

"Shi ne na ce, ba komai. Ni mutum ne mai riƙe magana. Ko matata sai abin ya yi nauyi sosai nake gaya mata."

Ta dube shi. Mutumin da ke gyaran injin kowane otal da kowane shagon kofi, yana shan kofi kyauta a duk inda ya shiga, yana biya da labari.  Roƙo zai tabbatar masa, barazana kuma ba ta da ita. Ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofa.

Akwai wata a tsaye, hannu a ɗage za ta ƙwanƙwasa.

Mace ce doguwa, cikin kwat mai ruwan toka, da katin aiki a rataye a ƙirji, da baƙar jaka mai kama da ta likitoci. Umma ba ta taɓa ganinta ba.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan shugaban kofi na otal?"

"Nan ne. Lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Daga babban ofis aka turo ni, ni ce sabuwar mai duba inganci. Na je otal aka ce yau hutunsa ne, ni kuma da yamma zan koma, dole rahotona ya tafi tare da ni. A yi mini afuwa, na shigo muku gida ba sanarwa."

"Ba ya jin daɗi yau," Umma ta ce da sauri.

"Wa ke nan?" Muryar Maikofi daga bayanta. Ya fito daga kicin, tsumma a kafaɗa, a miƙe kamar soja.

Matar ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe. Sunanka muka fara ji a makarantar koyon aikin nan, yau ga ni ga ka." Ta buɗe jakar, ta fito da ledoji uku masu ƙyalli, babu suna a jikinsu sai lamba: ɗaya, biyu, uku. "Ƙorafin baƙi ya kai sama. Masu kawo mana ƙwaya sun rantse kayansu lafiya lau. Ɗaya daga cikin ukun nan mun san ta lalace, mu muka saka ta da gangan. Manaja ya ce hanya mafi sauƙi ita ce mu ɗanɗana tare. Ka rubuta amsarka a takarda, in rubuta tawa, mu buɗe lokaci guda. Na zo da kayan tacewa, amma..."

Ta leƙa ta bayan kafaɗarsa, ta hango injin ƙarfen a kan tebur, fitilarsa na ci.

"Ma sha Allah, har da inji a kunne. An hutar da ni."

Mai shago, da ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita waje, ya dawo da ita ciki. Ya sauke kwalin a ƙasa a hankali, ya zauna a hannun kujera.

Maikofi ya dubi Umma. Ita ma shi take kallo, ɗacin na nan daram a bakinta, ba ta san sunansa ba.

Matar ta wuce kicin, ta jera ledojin a gaban injin, ta ciro takarda biyu da biro biyu. Sannan ta juyo da murmushi, hannunta a kan ƙofa.

"Hajiya, ko za ku ɗan ba mu wuri? Ƙa'ida ce. Daga ni sai shi."